Ƙafar da Ta Nemi Birki

Matan da suka dawo daga cirar rama ne suka tsinci Malam Tsoho kwance rubda ciki, daidai kwanar da hanyar rafi ta ratsa gonakin gero a bayan Tungar Guru. Sandarsa ta karye, hularsa na can cikin ciyawa, jini na bin kunnensa. Yana numfashi, amma duk kiran da suka yi masa bai motsa ba.

Kafin a samo motar da za ta kai shi asibitin Bukkuyum, gari ya riga ya yanke hukunci. Kowa ya ji gurnanin babur bayan azahar, kuma a yankin nan kaf babur ɗaya ne ke irin wannan kuka: ƙaton baƙin babur ɗin Mahmuda mai maganin dabbobi, mai faɗin taya da sirdi ƙasa-ƙasa. Samari suka ruga gidansa da ke bakin gari, suka tarar da babur a zaure, injinsa da zafi har ba ya taɓuwa. Ana cikin haka sai ga Mahmuda yana ɗingishi daga gona, da fartanya a kafaɗa.

Abdulaziz, babban ɗan Malam, shi ya fara shaƙe masa wuyan riga. Da ƙyar mai gari ya ƙwace shi, ya rufe shi a ɗakin zaurensa, ya ce gobe bayan la'asar zai miƙa shi ga 'yan sanda. Daga nan ya aika a kira Hudu.

Hudu mai bin sawu ne, siririn dattijo da ya koyi aikin a rugar kawunnansa. Shanun sata ya saba bi, wani lokaci har cikin ƙasar Kebbi. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko a tabarmar mai gari sai dai ya tsuguna yana murza yatsun ƙafa.

"Ranka shi daɗe, ni sawun dabba na sani, ba na ƙarhe ba," in ji shi.

"Sawu sawu ne, Hudu. Malam shi yak karantar da ɗiyanmu duka. In Mahmuda ne, in sani. In ba shi ba ne, kada in ba da mutum a banza."

Hudu ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Bai tsaya sallama ba ya fita.

A wurin da Malam ya faɗi babu abin karantawa, jama'a sun tattake ko'ina. Hudu ya yi tsaki, ya wuce kwanar, ya bi gefen hanya yana sunkuye. Can inda ƙafafu suka ƙare sai ƙasa ta fara magana. Babur ɗin ya fita daga gari da sauƙi, sawunsa sama-sama. Da zai dawo kuwa tayar baya ta nutse a yashi, alamar an ɗora kaya masu nauyi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, gab da kwanar, inda duk mai hankali zai taka birki, tayar ba ta ja ƙasa ba ko kaɗan. Maimakon haka sai wani dogon karce a dama da sawun, kamar an ja dunduniya a ƙasa da ƙarfi.

Ya zagaya karcen, ya auna shi da tafin hannu, ya tashi, ya sake tsugunawa. Bai gane ba. Iska ta fara kaɗa gero, ya bar wurin da sassarfa ya bi sawun fita. Sawun ya kai shi wani kwazazzabo a bayan injin niƙan dutse na wani dillalin zinariya da ake kira Bature. A nan ya ga ciyawa ta kwanta daidai faɗin buhu, da ɓarɓashin dutsen ma'adini. Yana juyowa don ya ga inda aka sauke buhun a gari, ruwa ya kece. Kafin ya kai kwanar, hanya ta zama rafi.

A jiƙe ya shiga wurin Mahmuda. Ya same shi zaune da ƙafar dama a miƙe kamar muciya, leɓensa a fashe.

"Baba Hudu, wallahi tun azahar ina gona. Ko kaza ban taka ba, bale Malam."

"Wa ya gan ka gonar?"

"Allah kaɗai."

"To wa ka hawan babur ɗin nan bayan kai?"

Mahmuda ya shafa gwiwarsa. Ya ce tun da ramin haƙar zinariya ya rufta da shi a Abare gwiwar nan ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Ya sayi babur ɗin ne saboda sirdinsa na ƙasa, ashe matakin ƙafa da birki da giya duk suna ƙarƙashin mahayi, sai mai naɗe gwiwa. Don haka Halilu, ƙanen matarsa Kulsum, shi ya riƙa tuƙa shi kasuwanni. A watan da ya wuce ne wani bakanike a Gummi, Auwalu, ya mayar masa da su gaba, yadda zai miƙe ƙafa ya taka.

"Tun ran nan ba wanda ya hau sai ni. Na ce ma Halilu shi huta, na samu ƙahwa."

"Makulli hwa?"

"Ɗakin Kulsum, bisa ƙusa."

Ruwa na ɗaukewa Hudu ya isa gidan. Kulsum ta fito tsakar gida da idanu a kumbure, ta durƙusa ta gaishe shi. Halilu na zaune a kan turmi a bakin ɗaki, ya gaisar daga zaune, bai tashi ba. Hudu ya ɗauka rashin tarbiyyar yaran zamani ne.

"Ɗiyata, ina kike da azahar?"

"Na tahi rijiya, Baba."

"Da kinka dawo, makulli na bisa ƙusa?"

Ta dubi ƙasa. "Ban duba ba."

"Ni ina Duza wurin ƙwadago, dawowata ke nan na iske wanga abu," in ji Halilu, ba tare da an tambaye shi ba. "Amma Baba, ku dubi Bature. Shi da Malam ba su ga-maciji. Kuma ya daɗe yana zawarcin babur ɗin nan."

Maganar ta yi daidai da inda sawu ya kai shi. Kowa ya san tushen rigimar. Shekarar da gubar dalma ta kashe yara a garin, bayan an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Malam Tsoho ne ya tara maza a masallaci ya sa suka yi alkawarin ba za a sake shigo da dutsen zinariya cikin gida ba. Bature ya mayar da injinsa daji yana zage-zage.

Gari na wayewa Hudu na bakin injin. Bature, gajere mai tumbi, ya fito yana goge baki.

"An ce ni na buge Malam, ko? Na ji. Na yi hwaɗa da shi, ban musu ba. Amma jiya ina Abare tun hantsi, da shaidu."

"Shaidunka yaranka ne."

"To mi kake so in yi? Ni ma sata anka yi min! Buhun dutse guda, mai kyau, ya ɓace tun shekaranjiya. Wa za ni kai ma ƙara?"

"Ka taɓa hawan babur ɗin?"

"Na ɗana shi bara, lokacin da nike son saye. Tun da anka kai matakin gaba ko ƙahwata ba ta kaiwa."

Hudu ya dubi gajerun ƙafafun, ya tuna karcen nan. Wanda ƙafarsa ba ta kai mataki ba, ai a ƙasa zai ja ta. Amma me zai sa mutum ya sace buhun kansa? Tunanin ya ƙi zama. Ya ce wa Bature mai gari na nemansa da la'asar, ya tare ɗan acaɓa zuwa bakin titi, daga nan ya shiga motar Gummi. Duk tsawon hanya yana leƙen rana ta taga, yana matsa wa direba, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko haihuwa ake a gidansa.

Garejin Auwalu na bayan tasha, rumfar kwano ce cike da gawarwakin babura. Da jin abin da ya sami Mahmuda, Auwalu ya ajiye sufana, ya goge hannu a wando.

"Subhanallahi! Baba, aikina lahiya lau yake. Birkin nan na gwada shi."

"Ban ce aikinka ba. Nuna min abin da ka yi, kamar kana nuna ma makaho."

Auwalu ya jawo wani babur ya riƙa nuni a jikinsa. Ya ce kayan ba na kamfanin babur ɗin ba ne, daga Kano aka aiko su a kwali. Ya kwance tsofaffin matakan da ke tsakiya, ya ɗaure faranti biyu na ƙarfe a gaban firam, nan ya dasa sababbin matakai. Giya ya haɗa mata doguwar sanda daga hagu, birki ma ya ja masa tasa daga dama har zuwa baya, ya daidaita su yadda Mahmuda zai taka ba tare da ya naɗe gwiwa ba.

"Tsohon wurin hwa, mi ya rage?"

"Ba komi. Iska." Ya tona cikin wani bokiti ya ciro tsohon matakin dama, da wani lanƙwasasshen faranti manne a jikinsa. "Sai dai wanga. Shi ka kare dunduniya daga salansa, kuma tare suke da matakin. Na ce ma Mahmuda shi dawo in yi waldar wani, yac ce shi ƙahwarshi ba ta zuwa nan, mi za shi yi da shi."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗage wando. A idon sawunsa na dama akwai tabo baƙi.

"Ni da na ɗaura abin da hannuna, ran gwaji akuya ta gitta min. Ido ya san birki na gaba, ƙahwa ba ta sani ba. Tat tahi tsohon wuri, tas samu salansa. Sati guda ban sa takalmi ba."

Hudu ya miƙe zumbur har ya ture bokitin.

"Rufe garejin nan. Tare za mu."

Ana kiran la'asar suka shigo gari. Hudu bai bi ta wurin mai gari ba, ya zarce zauren Mahmuda, ya kwanta a ƙasa gefen babur. A jikin salansa, daidai ramukan da aka cire tsohon mataki, akwai wani baƙin abu da ya narke ya daskare. Ya kankaro da farce ya sansana. Roba ce, irin ta takalmin da ake yanka daga tsohuwar taya.

Bayan salla ƙofar mai gari ta cika. Aka turo babur aka kafa shi a tsakiya. Aka fito da Mahmuda, aka zaunar da Bature da Auwalu, Halilu na jikin bango cikin 'yan'uwa. Mata na bayan zana. Hudu ya ɓata lokaci a wurin takalman da aka tuɓe a bakin tabarma, yana juya su ɗaya bayan ɗaya da yatsan ƙafa. Babu wanda ya narke. Duk da haka ya shiga fili.

"Ranka shi daɗe, wanda yab buge Malam ba da gangan ya yi ba. Ya nemi birki bai samu ba." Ya nuna musu sabon matakin, ya nuna tsohon wurin, ya ba mai gari ɓarɓashin robar a tafin hannu. "Ya taka nan, inda birki yake da. Dunduniyarshi ta goga salansa, ta hwaɗa ƙasa, ta ja karce. Na ga karcen kahin ruwa. Mahmuda, hau."

Aka tallafa masa ya hau. Ƙafarsa ta dama ta miƙe ta sauka a kan sabon matakin.

"Maido ta nan baya."

Mahmuda ya yi ƙoƙari har gumi ya karyo masa. Gwiwar ta ƙi. Wani ya kama ƙafar zai lanƙwasa, ya yi ƙara. Gunaguni ya bi cikin taron.

"To wa?" in ji Abdulaziz. "Ubana na can bai san inda yake ba. Wa?"

"Salansar da ta narkar da taya ba ta barin hwata. Duk wanda ya taɓa hawan babur ɗin nan, shi miƙo ƙahwar dama."

Auwalu ya fara ɗage wando. Da ganin tabon, Abdulaziz ya zabura, samari suka taso. Hudu ya shiga tsakani da sandarsa.

"Ku duba da kyau! Wanga ya warke, har gashi ya hito. Ƙunar jiya muke nema."

Bature ya miƙo tasa yana huci, fes, ko ƙwarzane babu. Hudu ya juya a hankali. Tun jiya abin ke masa yawo a kai: saurayin da bai tashi gaida dattijo ba.

"Halilu. Kai ka daɗe kana tuƙa shi."

"Ni ina Duza, Baba."

"Na ji. Miƙo."

Halilu ya ƙara tura ƙafar ƙarƙashin riga. Sai aka ji muryar Kulsum daga bayan zana.

"Halilu, nuna musu. Ni na ba ka makulli da hannuna. Na kwana ina kare ka, mijina na kulle. Ba ni iyawa kuma."

Halilu ya fitar da ƙafar. An ɗaure ta da tsumma, ruwan ciwo ya ɓullo ta jikinsa. Da aka kwance, fatar dunduniya ta saluɓe har zuwa idon sawu.

Ya yi maganar kansa a ƙasa. Tun da Mahmuda ya samu ƙafa, shi ya rasa abin yi. Ya ɗauke buhun Bature ya ɓoye a kwazazzabo. Jiya da ya ga hadari ya san ruwa zai tafi da shi, sai ya roƙi yayarsa makulli, ya ce mata magani zai sayo. Yana dawowa a guje ya sha kwana, sai ga Malam a tsakiyar hanya.

"Na taka, wallahi na taka. Ba komi wurin. Da na waiga na gan shi kwance, na tuna abin da ke bayana. In na tsaya, Malam ne, ga dutse. Na ji tsoro."

Abdulaziz ya yi kansa, mutane suka riƙe shi. Mai gari na ƙoƙarin tsawatarwa, amma Hudu bai saurari kowa ba. Ya tsuguna gaban Halilu ya kama kafaɗarsa.

"Ina buhun?"

"Gida."

"A ɗaure?"

Halilu ya rufe fuska. "Na ce ma mai ɗakina ta hwara dakawa tun da sahe, kada a zo a gan shi."

A cikin mazan nan da wuya ka sami wanda bai binne ɗa ba a waccan shekarar. Hudu ne ya fara gudu, sauran suka biyo shi, har Abdulaziz.

Tun daga zaure suka ji ƙarar taɓarya. A tsakar gida matar Halilu na daka dutse a turmin hatsi, ƙura ta yi mata fari a gira. Kusa da ƙafarta 'yarsu Rufaida, wadda ko yaye ba a yi mata ba, tana zaune cikin garin dutsen tana cusa hannu a baki.

Hudu ya sure yarinyar ya yi bakin randa da ita. Ya tuɓe mata riga, ya wanke hannuwan, ya wanke bakin, ya kwarara mata ruwa daga kai har ƙafa tana tsala kuka. Maza suka kwashe turmi da buhu da tabarma suka yi daji da su, wasu suka kawo shebur suka fara kankare ƙasar wurin. Uwar ta tsaya da taɓarya a hannu tana kallonsu.

"A kai ta Bukkuyum a auna jininta, yanzu," in ji mai gari. "Ina mota?"

Babu mota. Wadda ta kai Malam ba ta dawo ba, rana kuma ta sunkuya. Sai suka ji gurnani daga ƙofar gida. Mahmuda ne, da leɓensa a kumbure, ya jawo babur har bakin zaure. Kulsum ta biyo shi ta durƙusa gefen taya.

"Maigida, ka yahe min."

Bai dube ta ba. "Wagga magana sai na dawo. Goya ma uwar ɗiyar, ki ɗaure da kyau, hanya ta lalace."

Malam Tsoho ya farfaɗo bayan kwanaki, amma ƙugunsa ya karye, bai sake taka hanyar rafi ba, a zaure ya ci gaba da ba da karatu. 'Yan sanda sun tafi da Halilu a ranar, yana jan ƙafa. Rufaida ta sha magani na tsawon lokaci, ta rayu. Kulsum ta yi wata guda a gidan iyayenta kafin Mahmuda ya aika a dawo da ita.

Amma a yammacin nan ba wanda ya san yadda za ta kaya. Hudu ya tsaya a bakin gari da rigarsa a jiƙe, yana kallon babur na ratsa taɓo, ƙafafun Mahmuda a miƙe gaba, uwa da 'ya manne a bayansa. Abdulaziz ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Baba, jiya da mai gari bai ƙwace shi ba, da na kashe shi."

Hudu ya dube shi, ya nuna gidan Halilu da haɓa.

"Akwai sauran ƙasa wurin. Tahi ka karɓi shebur."